Wai me ke jikin silallan da ke aljihunmu ne?

Baban Hafsa, Asawase: Salamu alaikum jama'ar gida. Don Allah a taimaka min, yau yarinya ta kunyata ni. An ba su aiki a makaranta wai su rubuta hoton da ke jikin kowace tsabar kuɗin Gana da abin da yake nufi, ta zo ta same ni ina shan shayi na ce kawo wannan ai ba aiki ba ne, shekara nawa ina juya kuɗin nan. Da na buɗe baki sai na ji ba abin da ya fito sai koko na pesuwa 20. Na zazzage aljihu na samu 50 da sidi ɗaya da sidi biyu, sauran ko sama ko ƙasa. Wa ke da su duka?

Ɗan Aboabo: Hahaha Baban Hafsa kai ma kenan. Ni da momo, kuɗin waya, nake komai, rabon da in riƙe pesuwa 5 har na manta

Malam Awudu Ticha: Wa alaikumus salam. Bari in rage maka aiki. Pesuwa 1, ita ce jar nan ƙarama, gadar Adomi ce a jiki, wadda ke kan kogin Volta a Atimpoku kusa da Akosombo. Pesuwa 5 mutum ne yana busa ƙaho. Pesuwa 10 littafi a buɗe. 20 ƙwallon koko kamar yadda ka faɗa, 50 matar kasuwa, sidi 1 ma'auni, sidi 2 kuma Jubilee House. Shidan farko duk tare suka fito a watan Yulin 2007 lokacin Kufuor da aka yanke sifili huɗu, sidi 10,000 na da ya koma sidi 1. Na sidi 2 ne auta, sai a 2019 ya fito tare da takardar 100 da ta 200. Ɗaya fuskar kuma duk tambarin ƙasa ne.

Baban Hafsa, Asawase: Allah ya saka Malam. Toh ma'anar fa? Don malamarsu ta ce ba lissafi kawai take so ba

Hajiya Mai Koko: Kafin a zo ma'ana ni a faɗa min wa ke karɓar pesuwa 10 a garin nan. Jiya yaro ya zo min da su cike da hannu zai sayi koko da ƙosai, na karɓa don tausayi, maraya ne na san uwarsa, yau na kai wa mai gawayi ta kalle ni kamar na miƙa mata duwatsu. Ga su nan a gwangwanin madara. Baban Hafsa aiko ta ta kwasa har da gwangwanin.

Ɗan Aboabo: Hajiya ai laifi ne ƙin karɓa, Bankin Gana ya sha fitar da sanarwa a kai

Hajiya Mai Koko: Toh ɗana kai ka zo ka karanta wa mai gawayi sanarwar

Malam Awudu Ticha: Maganar Hajiya ta taɓo abin da ke damuna tun da nake koyar da wannan darasin. Ku duba waɗanda suka ɓace daga hannun mutane: gada, ƙaho, littafi. Wato hanya da al'ada da ilimi, su aka ɗora kan tsabar da yau ko almajiri ba ya murna da ita. Ba na cewa da gangan aka yi, a 2007 pesuwa 5 tana sayen ruwan leda, sidi ɗaya kuwa har ya ɗan fi dalar Amurka. Amma ni malamin makaranta in na ga littafi a kan kuɗin da ake ƙi sai in ji wani iri.

Sani Meti: Malam ka bar wannan, mu a torotoro, motar haya, mun fi kowa sanin halin tsaba. Fasinja ya ba ka takarda canjinsa pesuwa 30 ne, ka ba shi 20 da 10 ya ce ba ya so, ka riƙe kuma ya ce kai ɓarawo ne, duk hanyar kasuwar Kejetia zuwa Aboabo ana yi da kai har da iyayenka. Ni hoton ba ya gabana. Da hannu nake gane su cikin duhu, sidi ɗaya yana da kusurwa bakwai kana taɓawa ka sani.

Baban Hafsa, Asawase: Kai, na ƙirga yanzu, bakwai ne wallahi. Shekara goma sha nawa ban lura ba

Kawu Ɗanlami, Sabon Zango: Yara ku matsa in yi magana. Ni na ga kuɗi kala kala a ƙasar nan, kuma abin da ku ba ku sani ba shi ne hoton jikin kuɗi ya taɓa zama rigima babba. Muna ƙanana kuɗin Turawa ake kashewa, na Afirka ta Yamma, iri ɗaya mu da Najeriya da Saliyo da Gambiya. Kwabo mai huji a tsakiya, da tauraro mai tsini shida, har da rubutun Larabci a jiki, shi ya sa tsofaffinmu da ba su yi boko ba suna karanta kuɗinsu da kansu. Sule kuma bishiyar kwakwar manja ce a bayansa. Hujin nan iyayenmu mata suna zura zare su ɗaura a ƙugu. Daga nan ne duk kalmomin da kuke faɗa ba ku san asalinsu ba, anini, kwabo, taro, sisi, sule, fam. Anini goma ne kwabo ɗaya, in mutum ya ce ba ni da ko anini ya kai ƙarshen tsiya kenan.

Sai 1958 Gana ta buga nata, fam da sule dai amma namu, aka cire kan sarauniyar Ingila aka sa kan Nkrumah, a kewaye aka rubuta Civitatis Ghaniensis Conditor da Latin, wai wanda ya kafa ƙasar Gana. Nan Kumasi fa ba kowa ya ji daɗi ba, ku san nan ne gidan 'yan adawarsa, cewa suke mun kori sarauniya ya naɗa kansa sarki. A 1965 aka koma sidi da pesuwa, kansa dai na nan. Soja suka kifar da shi 24 ga Fabrairun 1966, shekara ɗaya bayan nan 1967 sabon sidi ya fito ba kansa, sai ganguna da koko da tauraro. Toh ku duba na hannunku yanzu, akwai kan wani shugaba a tsaba? Babu. Mutum biyu ne kawai, mai busa da 'yar kasuwa, kuma ba wanda ya san sunansu. Manyan suna kan takarda.

Ɗan Aboabo: Kawu Allah ya ƙara lafiya, wannan ai darasi ne kyauta. Amma Nkrumah ya dawo ai, yana cikin jagororin neman 'yanci su shidan nan na takarda, kuma takardar sidi 2 ta 2010 shi kaɗai ne

Kawu Ɗanlami, Sabon Zango: Ya dawo bayan ya mutu. Matacce ba ya takara

Rabi Fashion: Ni tambayata ɗaya ce kuma kar a ce na kawo ƙabilanci. Ina mu a jikin kuɗin nan? Gada tana kudu, koko na kudu, Jubilee House na Ankara babban birninmu, mai ƙahon ma in ka gan shi ka ga bikin Tonawa, mutanen Asante, a fadar sarkinsu ta Manhyia. Ba kaɗanya, ba saniya, ba doya ta arewa, ba masallacin Larabanga, ba riga fugu. Sai ka ce daga Kintampo ƙasar ta ƙare. Man kaɗanya nawa matan arewa ke fitarwa har Turai, ko a pesuwa ɗaya ba a sa ba.

Sani Meti: Anti Rabi ta fasa ƙwai

Malam Awudu Ticha: Rabi tambayarki tana kan hanya, amma ban yarda da ke duka ba. Ɗauki kokon. An ce Tetteh Quarshie ya kawo shi daga tsibirin Fernando Po a 1879 ya shuka a Mampong na Akuapem, gaskiya ne a kudu yake fitowa don daji yake so da ruwa. Amma wa ya share gonakin, wa ya fasa ƙwallon, wa ya ɗauki buhu a ka zuwa tasha? Kakanninmu ne da suka gangaro daga arewa, Mosawa da Dagombawa da Frafra da Zabarmawa da Hausawa, da yawa daga cikin zangunan da ke ƙasar Asante kwadagon koko da ma'adinai da fataucin goro ne ya kafa su. Mahaifina shekara tara ya yi yana aikin abusa a gonar wani, a raba uku ya ɗauki kashi ɗaya, da shi aka sa ni makaranta. In na ga pesuwa 20 gumin babana nake gani, ba na jin wai ta wasu ce.

Rabi Fashion: Malam gumin na nan amma hoton na mai gona ne. Abin da nake faɗa kenan

Hajiya Mai Koko: Ke Rabi, 'yar kasuwar nan ta pesuwa 50 wa ya ce miki Batoniya ce? An rubuta a goshinta? Ni dai tun da aka fito da ita na ce ni ce. Shekara ashirin da shida ina tashi ƙarfe uku na dare ina dama koko, da shi na aurar da uku na kai ɗaya jami'a. Je ki Kejetia da asuba ki ga wa ke riƙe da garin nan, mata ne, masu tumatir masu kifi masu waace masu fura, da yaran nan 'yan kaya da ke ɗauke da tasa a ka. Kuma duk cikin tsabar ita ce ba ta kwana, kowa na nemanta, kuɗin ruwa ce kuɗin bayi ce kuɗin sadaka ce. Daidai da mu.

Kawu Ɗanlami, Sabon Zango: Hajiya kin tuna min, lokacin soja a 1979 matan kasuwar nan aka ɗora wa laifin tsadar kaya, wai kalabule, wato ɓoye kaya a ƙara musu farashi, aka rushe kasuwar Makola a Ankara, an yi wa mata bulala a bainar jama'a. Shekara 28 bayan nan sai ga ta a kan kuɗin ƙasa. Duniya kenan.

Rabi Fashion: Toh wannan na karɓa Hajiya. Amma saura kaɗanya

Alaramma Na Tafo: Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa. Ni ma'aunin sidi ɗaya ne ya tsaya min. Na san masu zanen kotu suke nufi, shari'a, don taken da ke jikin tambarin ƙasa 'yanci da adalci ne kuma yana rubuce a ɗaya fuskar. Amma mu da muka tashi da Wailun lil muɗaffifin, in muka ga mizani ba alƙali muke fara tunawa ba, mudu muke tunawa. Mai shinkafa da ya bubbuge gindin gwangwani ya shiga ciki, mai nama da ke danna sikeli da yatsa, magatakardan koko da ke gyara sikeli ya ci kilo biyu a kowane buhu, duk sidin nan suke karɓa da ma'auni a jikinsa suna jefawa a aljihu. Na taɓa yin wa'azi da shi bayan la'asar, na ɗaga tsabar na ce kowa ya ciro tasa ya duba, wallahi dattawa da yawa ranar suka fara gani.

Sani Meti: Alaramma ni fa ban danna sikeli ba, canji kawai nake mantawa

Alaramma Na Tafo: Mantuwar da kullum gefe ɗaya take faɗawa, Sani a duba ta

Ɗan Aboabo: 😂😂 an kama Sani

Baban Hafsa, Asawase: Jama'a yarinya na zaune da biro tana jira, mun tafi wa'azi. Bayan kuɗin fa, tsuntsayen nan biyu?

Malam Awudu Ticha: Tambarin ƙasa ne, wani mai zane Amon Kotei ya yi shi, an fara aiki da shi a Maris ɗin 1957 dab da samun 'yanci. Gaggafa biyu na riƙe da garkuwa, baƙin tauraro a sama. Garkuwar gida huɗu ce. Na farko takobin sarauta da sandar okyeame, mai magana da yawun sarki, wato mulkin gargajiya. Na biyu gidan Osu a bakin teku, gwamnatin ƙasa. Ƙasa kuma bishiyar koko da ramin haƙar zinariya. A tsakiya akwai ɗan zaki, alamar muna cikin ƙungiyar ƙasashen da Ingila ta raina. A tsaba sai kin sa ido sosai Hafsa, ƙanana ne, in akwai tabarau na kaka ki ara.

Ɗan Aboabo: Zakin nan ne ke ba ni haushi. Mun kori mutane mun bar kyanwarsu a tsakar gida. Kuma gidan Osun ma ai gidan bayi ne, mutanen Denmark suka gina, a ƙarƙashinsa ake tsare mutane kafin a loda su jirgi. Shi ne alamar gwamnati?

Malam Awudu Ticha: A nan gwamnan Turawa ya zauna, shugabanninmu ma suka gada, har 2013 da aka koma Jubilee House. Abin dariyar ma ɗauki sidi 2, fuska ɗaya tsohon gidan mulki ne a cikin garkuwa, ka juya ka ga sabon. Shi kansa sabon sunansa ya sha canji, Flagstaff House ne, Kufuor ya gina sabo da bashin Indiya aka sa masa Golden Jubilee, Atta Mills ya mayar da tsohon suna, Akufo-Addo ya sake mayar da Jubilee a 2018, shekara ɗaya kafin a buga tsabar.

Rabi Fashion: Kenan ko an cire kan mutum siyasa ba ta fita ba

Kawu Ɗanlami, Sabon Zango: Rabi 'yata, dawo kan tambayarki ta ɗazu, don tun ɗazu nake jira wani ya faɗa ba wanda ya faɗa. Kin ce ina mu. Me ake kiran kuɗin? Sidi. Da Fantanci sedee wuri ne, farin wurin nan da ake ado da shi. Toh mu fa da Hausa me muke cewa? Kuɗi. Kuɗi ai jam'in wuri ne, ɗaya wuri da yawa kuɗi, shi ya sa har gobe in an biya lakadan ake cewa wuri na gugar wuri. Kuma nan Kumasi da can ba da wuri aka fi ciniki ba, garin zinariya suke aunawa da 'yan ma'aunansu na tagulla. Wurin ya fi ƙarfi ta arewa, Salaga, inda fataken Gwanja ke saukowa daga Kano da Katsina da jakuna su sayi goron Asante. Abu ne da ya fito tun daga tsibiran Maldives a tekun Indiya ya ratso duniya ya zo hannun kakanninmu suna ƙirgawa zambar zambar a ƙasa. Tsohon sidi 200 mai kusurwa bakwai na shekarun 1990 wuri ne a jikinsa, 500 kuma ganguna. Abin da ni na ji zafi a 2007 shi ne cire wurin, an bar sunan an ɗauke hoton.

Rabi Fashion: Kai Kawu. Wallahi ban taɓa haɗa kuɗi da wuri ba, kuma kullum ina ɗinka shi a jikin riga

Malam Awudu Ticha: Ni ma da nake koyarwa ban taɓa kawo wannan a aji ba, sedee kawai nake faɗa in wuce. Kawu na sace.

Issufu Mai Canji: Ni daga Tawa nake amma shekara sha biyu ina Alabar ina canji, bari in sa baki. Ku kuna kukan ba ku a kuɗin Gana, mu kuma sefa da muke kashewa a Nijar alamar da ke jikinta wani kifi ne mai baki kamar zarto, kuma asalinsa ma'aunin zinariyar mutanen Akan ne, irin wanda Kawu ya faɗa. Bamako da Dakar da Yamai duk shi muke riƙewa ba wanda ya tambaye mu. Naira kuma ita ce ke da ajami a manyan takardunta, amma je ka Kano ka nemi tsaba ka gani, tun na 2007 ba mai taɓawa. Ku gode Allah naku suna yawo.

Ɗan Aboabo: Suna yawo dole, tunda banki ya ce zai janye takardar sidi 1 da ta 2 a bar tsaba, wai takardun saurin yagewa suke kuma buga su tsada. Gaskiya ne kuwa, jar takardar nan in ta biyo ta hannun mai kifi da mai manja ko Nkrumah ba ka ganewa

Hajiya Mai Koko: Ni dai har yau sidi ɗaya dubu goma nake ce masa, ɗari kuma miliyan. Sun yi ta mana talla a rediyo wai darajar ɗaya ce, toh ina take

Rabi Fashion: Har yanzu dai ina kan bakana, in za a buga sidi 5 na tsaba a sa kaɗanya ko fugu. Sunan wuri ya yi daɗi amma yaro ɗan Walewale hoto zai gani ba tarihin kalma ba

Malam Awudu Ticha: A nan ina bayanki. Ni da za a tambaye ni ma littafin zan ɗauko daga 10 in kai shi sama inda za a riƙa ganinsa.

Sani Meti: Ku sa duk abin da kuke so amma don Allah kar girmansa ya zo ɗaya da sidi 2, mu ne za mu sha zagi

Baban Hafsa, Asawase: Toh ta rubuta shafi biyu har da maganar wurin Kawu, ta ce malamar za ta ce ƙarya ne in ba ta ga tsohon 200 ɗin ba. Kawu kana da shi?

Kawu Ɗanlami, Sabon Zango: Ina da shi har da kwabo mai huji, suna cikin akwatin marigayiya. Ta zo bayan magariba amma aro ne, a dawo min da abina

Hajiya Mai Koko: Ta biyo ta wurina ta ɗauki gwangwanin, akwai 10 da 5 a ciki. Pesuwa ɗaya ce dai ban da ita

Baban Hafsa, Asawase: Saura gadar kenan. Wa ke da pesuwa ɗaya jama'a, zan saya sidi biyu